Ɗan Majalisar da Ya Ci Tuwo a Bin Omran

Da Gariba ya san abin da gayyatar nan za ta jawo masa, da ya bar baƙon da abincinsa na otel.

Direba ne a wani kamfanin hayar motoci a Doha. Makon farko na Kofin Duniya aka haɗa shi da Mista Rehwald, ɗan majalisar Jamus na jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya. Mutumin akwai surutu. Kafin kwana uku Gariba ya ji komai. Shekararsa goma sha bakwai a majalisa. Lokacin korona aka ɗauki hotonsa a wurin liyafa alhali jama'a na kulle a gida, aka sauke shi daga shugabancin kwamiti, yanzu kuma jam'iyya na shirin ba wani kujerarsa.

"Sun manta da ni, Gariba. Dole in koma da abin da zai sa a tuna."

Tausayi ya kama Gariba. Dattijo guda, kullum shi kaɗai a gaban faranti. A gidansu na Kumasi ba a barin baƙo haka. Sai ya ce masa ya zo gidansu ya ci abincin rana.

Gidan yana unguwar Bin Omran, na kamfani ne, direbobi shida a ciki, kuma doka ce mace ba ta kwana. Amma korona ta raba Gariba da iyalinsa shekara uku, don haka da matarsa Atine da 'yarsu Fausatu suka samu bizar kallon ƙwallo, abokan zamansa suka tsaga falo da katako suka ba su lungu. Kafil ɗinsu, wato mai kamfanin, bai sani ba.

Rehwald ya ci tuwo da hannu, ya yaba. Sannan ya miƙe da waya yana ɗaukar bidiyo.

"Maigida, me Baturen nan yake ɗauka?" in ji Atine.

"Miyarki ce ta burge shi."

"Miyar tawa a jikin bango take?"

Ranar Juma'a bayan masallaci, Sayibu, abokin aikinsa, ya miƙo masa waya ya nuna masa bidiyon a intanet. Ga katakon, ga katifar Fausatu, ga rigar aikin Gariba a rataye da tambarin kamfani ƙarara. An rubuta a ƙasa da Turanci: dubi inda ake cusa iyalan ma'aikata. Dubban mutane sun riga sun gani.

Gariba ya kira lambar Rehwald. Sakatariya ta ɗauka, ta ce ɗan majalisa ya koma Berlin, yau yana talabijin, jam'iyya ta ji daɗi ƙwarai.

Da la'asar saƙo ya shigo daga ofis: ranar Lahadi ƙarfe goma ya zo da makullin mota da katin zamansa.

Fausatu na tambayar ko gobe za a kai ta bakin teku. Ya ce in Allah ya yarda. Bai faɗa wa Atine ba tukuna. Har yanzu bai san ko kafil ya ga bidiyon ba, bai kuma san ko shi kaɗai aka kira ba, ko su shidan.