Allurar da ta Tayar da Bala Tela

Allurai tara ne tsaye a gadon bayan Inna Hasiya, suna rawa duk sanda ta ja numfashi. Ranar kasuwar Shagari ce, amma a cikin rumfar mai allura ko tari babu mai yi. 'Yarta Zuwaira ta kasa ɗauke ido daga gwangwanin madarar da mai allura yake tsoma hannu a ciki yana ɗauko allurai. Ruwan da ke ciki ya yi duhu.

Ita fa ta taɓa ganin allurar ciwon baya, lokacin da ta raka mijinta asibiti a Sakkwato. Can a gabanka za a farke sabuwa daga takarda, a soka ta a naman da ya ƙulle, a zare, a jefar.

"Malam, ba a canza su?" ta tambaya a hankali.

Mutumin ya yi murmushi, bai ɗago ba. "Ta asibiti nama kawai ta sani. Wagga ta Sin ce, hanyoyin jiki take bi. In ta tsufa ta fi gane hanya."

"Rufe mani baki, ɗiyar nan!" in ji Inna. "Malam, sa mani wadda ta tashi Bala tela."

Kowa a garinsu Lambara ya san labarin. Shekara biyu Bala yana kwance, allura guda ta mayar da shi kan keken ɗinkinsa. Tun daga nan kowace tsohuwa ita take roƙo, wai albarka ta zauna a jikinta. Zuwaira ta dubi iyayen da ke layi, kunya ta kama ta, ta yi shiru. Kaico, shirun nan!

* * *

Gero na shiga rumbu Bala ya rasu, ciki a kumbure. Mai allura kuwa tuni ya yi gaba, ko sunansa babu wanda ya riƙe.

A gidan gaisuwa Zuwaira ta zauna da ƙyar, ga cikin wata bakwai, ga baya na sara. Aka shafa fatiha, mata suka sauke hannuwa. Idon Nana Hauwa maƙwabciyarsu rawaya ne. Na matar liman ma haka. Zuwaira ta bi tabarmar da kallo, masu rawayan ido duk 'yan layin allura ne na ranar nan. Tsoro ya hana ta juyawa gefen mahaifiyarta. Sai da suka isa gida ta duba idon Inna, shi ma rawaya ne, ta fashe da kuka.

"Inna, gobe asibiti za mu."

"Asibitin mi? Ciwon shawara ne, zai wuce. Ke ce abin tausai, dubi yadda kike dafe baya."

Tsohuwar ta kwance bakin zanenta, ta warware wani ƙyalle a hankali.

"Da mai allura zai tafi na roƙe shi wadda ta tashi Bala, don ke. Kwanta, ɗiyata."

Ta goge allurar a gefen zane, ta yi bisimilla.