Shanya a Filin Ango

Mugun hali ne cin gadon mai rai, kuma shi Zayyanu ya yi. Yana cikin baza shinkafa a filin maƙwabcinsa Ango, sai ya ji kukan baro a bayansa. Rahma ce ke turo mahaifinta Ango a ciki, ɓarin jikinsa na dama a shanye.

Da ƙwallon tanis Ango ya ci abinci tun yana saurayi, daga Kaduna har Kwatano. Da gwiwa ta gaza ya dawo Bagudo, ya daɓe filin nan da jar ƙasar suri, ya ja masa farin layi, ya kafa raga, yana koya wa yaran unguwa wasan. Zayyanu kuwa ya daɗe yana yi wa filin kallon wurin shanya.

"Zayyanu, wa yac ce maka na mutu?"

"Haba Baba Ango, ai likita ya ce..."

"Likita alƙalin wasa na? An sha cina biyar ba ko ɗaya, in miƙe in ɗauke wasan. Kwashe kayanka."

"Ta ɗan sha rana dai."

"Filin ga ruwa yaka sha, ba rana ba. Na gaya maka."

Zayyanu ya yi dariya ya bar shanyarsa a ɓari ɗaya na filin. Kullum yamma Rahma ta yayyafa wa filin ruwa yadda aka saba, kullum safe a kawo tsohon bakin raga, yana jefa wa yara ƙwallo da hagu. Zayyanu na leƙe ta katanga, yana jiran ranar da baron ba zai fito ba.

Ran Juma'a Ango ya sa aka kira liman da mai unguwa. Bakinsa a karkace, amma kowa ya ji.

"Ku shaida, filin ga na yaran unguwa na. Rahma ta riƙe musu."

Washegari ya cika.

Shinkafar Zayyanu kuwa tuni ta ja laima daga jiƙaƙƙiyar ƙasar filin, ta yi ja, ta fara tsiro. Masu saye daga Segbana, can tsallaken iyaka, suka damƙa, suka shinshina, suka juya baburansu. Ba fili, ba shinkafa, ba maƙwabcin da zai nemi gafararsa.

A filin aka yi wa Ango salla. Liman bai ce a gyara sahu ba; kowa ya ɗora yatsun ƙafarsa a kan farin layi.