Mai Sayen Rami

Injiniya ta juya wa wani lauya kwamfutarta, ta zuba wasu alamomi a gurbin da ake rubuta suna. Nan take sakamakon gwajin jinin mutane ya cika allon, kowa da sunansa da cutarsa.

"Ka gani? Ɗakunan gwaji da yawa da manhajar nan suke aiki, har da na yayana."

Lauyan ya gyara zama yana murmushi. Kamfaninsu irin waɗannan ramukan na kutsawa cikin manhaja yake saya. Wannan ita ta gano shi, ta kuma rubuta layukan gyaransa. Ita ma, a gaskiya, ba cinikin ne ya fi jawo ta ba. So take ta ga mai sayen rami da idonta, don tun tana ƙarama ba ta iya barin abu sai ta ji ƙwaƙwaf.

"To in kun saya, ina kuke kai shi?"

"Ba ramin ne kayan ba, Malama, toshiyar ce. Mu yi wa gyaran naki rajista da sunanmu. Masu manhajar in za su gyara, sai da izininmu."

"In suka ƙi fa?"

"Su zauna da raminsu. Ke dai ki ja bakinki sai rajista ta fito, shekara ɗaya ko biyu. Ko yayan naki kada ya ji."

Ta tuna matan da ke jira a bencin yayanta, yadda suke ninke takardar gwaji su cusa a jaka kada ta kusa ta leƙa. Shekara biyu asirinsu a waje!

"Ranka ya daɗe, akwai abin da ke hana rajista?"

Lauyan mutum ne mai son a tambaye shi. "Ɗaya ne. In gyaran ya riga ya fita, jama'a sun gani, shi ke nan."

"Ko a guruf ɗin waya?"

"Ko a jikin bango."

Ta nemi izini ta fita shan ruwa. A baranda ta ciro waya, ta buɗe guruf ɗinsu na masu gyara, inda ko fulogi mutum ya gano sirrinsa sai ya sanar. Ta liƙa layukan gyaran, ta rubuta: "A toshe yau, a tura wa masu manhajar."

Da ta koma, lauyan ya miƙo mata biro. Wayarta ta fara ɓari a kan teburin, ta ƙi tsayawa.

"Ɗauki mana, ko gida ne."

"Ba gida ba ne," ta ce, tana rufe kwamfutar. "Godiya ake yi mini. Kai ma na gode, ka iya bayani."