Littafin Kakanmu a Fatar Maraƙi

Wata uku Baturen da muke kira Sahib Merrow ya ce zai riƙe littafin kakanmu, amma sai da ya shekara a hannunsa. Ni Godubai ba a yi shawara da ni ba. Aikin ƙanena Trimbak ne, wanda ke karanta wa Baturen nan Sanskrit, harshen littattafan addininmu, kullum safe. Ƙanen nawa malami ne na gaske, sai dai ko akuya ta roƙe shi rawaninsa zai kwance ya ba ta.

Littafin falle ɗari uku ne, ba ɗinki, a naɗe cikin jan ƙyalle. Duk damina gidanmu ke karanta shi a haikalin garinmu mai suna Wai, a ƙasar Indiya.

Da kansa Sahib ya dawo da shi, yana ta washe baki. Ya warware takarda, sai ga abu sumul, an ɗinke, an yi masa bango, har da rubutun zinariya.

"Fatar maraƙi ce mai kyau," in ji shi. "Ko shekara ɗari biyu ba abin da zai same shi."

Maraƙi! Ɗan saniya, dabbar da muke tsarkakewa a addininmu! Trimbak ya ja da baya har ya bugi ginshiƙi. Ni kuwa raina ya ɓaci.

Sai can Baturen ya gane. Fuskarsa ta yi ja, ya ba da haƙuri. Da nan ya tsaya da na ƙyale shi, amma sai ya ƙara:

"To, tunda ba za ku iya taɓa shi ba, bari in aika da shi ƙasarmu. Can za a adana shi."

"Yaya, ko mu bar masa?" Trimbak ya raɗa mini. "Ai ya ƙazantu. Ba zai sake shiga haikali ba."

"Rufe mini baki, sakarai!"

Na faɗa madafa na ɗauko wuƙar yankan kabewa. Na fizge littafin, na tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, na jefa masa fatar a ƙafa.

"Ga naka, Sahib. Je ka adana."

Gaskiyar Trimbak ce, littafin ba zai sake shiga haikali ba, dattawa ma haka suka ce. To amma ni ba mai karatu a haikali ba ce, in na taɓa shi wanka ya ishe ni tsarki. Wata huɗu ina buɗe masa falle-falle, shi yana daga gefe yana kwafa a sabuwar takarda, bai taɓa ko ɗaya ba. Kullum sai na nutse a kogi kafin in taɓa tukunya, har fatar hannuna ta tsattsage.

Tsohon littafin kuwa kogin Krishna muka kai shi, yadda ake yi wa duk littafin da ya gama aikinsa. Sahib ya ji labari, ya zo a sukwane, ya tsaya a matakalar kogin yana haki.

"Haba Godubai! Babu irinsa a duniya! Rubutun hannun kakanku ne fa!"

Ni zai gaya wa? A kan cinyar mai rubutun nan na koyi cin shinkafa. Kuka nake yi, ban kuma ɓoye ba.

"Shi ma da ya rasu aka ƙona gawarsa, nan muka kawo tokarsa," na ce. "Ba mu aika da shi ƙasarku ba."

Na shiga ruwa har ƙugu da littafin, na saki hannu.