Zomo da Sandar Aro

Torben Rietz na kwance rigingine a tantin 'yan wasa, ƙafafunsa bisa benci, yana tauna ayabar da ba ya jin ɗanɗanonta. Kwana biyu ke nan ana abu ɗaya: gudu, tsalle, jifa. Wasa tara sun wuce, saura na goma, gudun mita dubu da ɗari biyar, wanda duk ɗan gasar wasanni goma ya tsana kamar ciwon haƙori.

Wiebke ta tsuguna kusa da kansa. Yayarsa ce, kuma ita ce kocinsa tun ranar da hukumar wasanni ta cire sunansa daga tawagar ƙasa, yana kwance a asibiti da tsinkakkiyar jijiya.

"Ka buɗe kunnenka," ta ce. "Ka yi gudunka na kullum, ba gaggawa, ba burga. In ka yi haka, maki dubu takwas na hannunka."

Dubu takwas! Shekara goma sha huɗu yana bin wannan lamba tana zille masa. A wannan wasa, wanda ya haye dubu takwas shi ake tunawa. Wanda ya tsaya ƙasa da ita sai a dafa kafaɗarsa a ce ya yi ƙoƙari. Yau kuwa gasarsa ta ƙarshe ce, don gwiwa ta riga ta ce ta gaji. Ran Litinin zai koma makarantar da yake koya wa yara motsa jiki.

Sai ga Herr Dressler, kocin tawagar ƙasa, ya ɗage labulen tanti. Mutumin da ya shekara uku bai ɗauki wayar Torben ba, yau har da murmushi.

"Torben, tsohon jarumi! Wata 'yar alfarma nake nema. Jannis, yaron tawagarmu, na bukatar gudun da bai taɓa yi ba kafin ya samu gurbin gasar Turai, ga iskar nan tana kaɗawa. Ina so ka zame masa zomo."

Zomo shi ne wanda ke shiga gaba ya tare iska, ya ja na bayansa da gudun da shi kansa ba zai iya kaiwa ƙarshe da shi ba. In ya ƙone, a wuce shi.

Wiebke ta miƙe tsaye. "Herr Dressler, allo yana can a kafe. Ba ka ga makinsa ba ne, ko karatun ne ya gagara?"

"Na gani. Dubu takwas abin ado ne, Frau Rietz, ba ta kai mutum ko'ina. Yaron nan kuwa gobe gare shi." Ya juya ga Torben, ya sassauta murya. "Kuma ka tuna da sandar wa ka yi tsalle ɗazu."

Nan ne ran Torben ya ɓaci. Gaskiya ne, da rana a wasan tsalle da sanda tasa ta karye gida biyu, kuma da Jannis bai miƙo masa tasa ba, da ya tashi ba maki ko ɗaya a wasan. To, amma yaushe aka fara yi wa mutum gori da sanda? A tsakanin 'yan goma, sanda da ruwan sha da man shafawa na kowa ne. Shi kansa ya ba mutane nawa sanda, har da waɗanda suka kayar da shi da ita? Wannan mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa gama wasa goma ba, shi ne zai shigo da takalmi mai sheƙi ya mayar da zumunci ciniki!

"Fita," Torben ya ce.

"Ka yi tunani. Hukuma ba za ta manta da kai ba."

"Ai ta riga ta manta. Fita, na ce."

A bakin layi Jannis Obermeier ya matso, dogo, fuskarsa fara fat don tsoro. "Wallahi, Torben, ba ni na aiko shi ba. Ka yi gudunka."

"Da ma na wa zan yi? Ɗaura igiyar takalminka, sakarai, kada ka faɗi a gaban jama'a."

Bindiga ta tashi. Jannis ya fita gaba shi kaɗai, Torben ya zauna a tsakiyar ayari yana gudunsa na kullum. Duk ya zo wucewa sai ya ji muryar Wiebke: "Haka nan! Haka nan!" Amma a zagaye na biyu, a miƙaƙƙen layin da iska ke dukan ƙirji, ya ga kafaɗun Jannis sun fara ɗagewa, kansa na karkata gefe. Ya san wannan karkatar. Shi ma haka ya karkata yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, ba wanda ya shiga gabansa, gurbin ya tafi bai sake dawowa ba.

Ya zagi Dressler a ransa, ya zagi iska, ya zagi kansa. Sannan ya buɗe ƙafa.

"Torben! Ka haukace ne?" Wiebke ta ƙwala.

Ya sha gaban Jannis. "Manne a bayana," ya ce da guntun numfashi. "Kada ka kalli komai sai lambata."

Ya ja shi zagaye guda cur, iska na ƙarewa a kansa. Da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, ƙafafunsa suka zama kamar na aro. Jannis ya wuce. Wani ya wuce, wani ma ya wuce. Torben ya iso layi yana tangaɗi, ya zube a kan ciyawa cikin sauran da suka zube.

Allo ya haska. Jannis ya samu gurbinsa. A gaban sunan Torben kuwa aka rubuta dubu bakwai da ɗari tara da tamanin da tara.

Wiebke ta zo da kwalbar ruwa tana kuka tana masifa. "Wawa. Tun kana ƙarami kai wawa ne. Sha."

Yana sha ya ji lasifika. Dressler ne a gaban ɗan jarida, muryarsa ta cika filin: "Mun tsara abin tun a tanti. Kowa ya san aikinsa, zomonmu kuma ya yi biyayya."

Torben ya sauke kwalbar daga bakinsa. Biyayya! Abu ɗaya tak da ya bayar don ganin damarsa, shi ma an ɗauke an sa a aljihu tun bai gama haki ba.

'Yan wasa suka fara tashi, wannan na ɗaga wancan, don al'adarsu ce bayan wasa na goma su riƙe hannun juna su zagaya fili tare, na ɗaya da na ƙarshe. Jannis ya ƙi zuwa wurin 'yan jarida. Ya ɗaga Torben, ya riƙe masa hannun dama, idonsa jawur.

Masu hoto suka jeru. Dressler ya taho da sauri yana gyara kwala, ya ga hannun hagun Torben ba kowa, ya miƙo nasa.

Torben ya dubi hannun, ya dubi takalmin mai sheƙi a kan layin gudu.

"Wasa nawa ka yi yau, Herr Dressler?"

"Haba, Torben, hoto ne kawai."

"Wannan zagayen na waɗanda suka gama goma ne. Ka sauka daga layi, za mu wuce."

Wani ɗan yankin Saxony da ya zo na ƙarshe ya ɗingiso ya kama hannun hagun Torben. Suka tafi a hankali, saboda gwiwar Torben.