Jan Ƙaranful a Rufin Bene

"Karya masa kai, ya Ukasha. Ba zai kai ka kotu ba," in ji Mu'tasim, yana nuna tsiron.

Ukasha ya tsuguna da ƙyar. Tela ne, ya ba hamsin baya, kuma ko na'ana'a ya dasa a gwangwani ba ta kwana bakwai. Amma ga shi yau da gonar furen ƙaranful ta maƙwabcinsa Mu'tasim a rufin benensu na unguwar Ard al-Liwa a Masar, tunda ciwon hanta ya zaunar da mai gonar a kujerar roba.

"Tsiron nan fa lafiyarsa ƙalau," in ji Ukasha.

"Shi ya sa. Ka bar shi, fure ɗaya zai ba ka. Ka karya, ya yi rassa biyar. Yalla, maza."

Ja zalla Mu'tasim ya dasa, tun Satumba ana zufa. A cewarsa, wanda ya jira sanyin Nuwamba furensa sai bayan Idin Uwa zai buɗe, ya sayar wa awaki. Ranar ashirin da ɗaya ga Maris kowa a Masar ke saya wa uwarsa fure, kuma wannan makon ne ke ciyar da gidan Mu'tasim har rani ya wuce. In furen ya makara, Ubaida mai shagon fure zai nemi wani manomi, ba kuma zai dawo ba.

A Janairu Mu'tasim ya cika, bayan la'asar. Ya samu kalmar shahada, alhamdulillahi. Sai dai maganarsa ta ƙarshe kafin ita Ukasha ya yi wa: "Kana cika musu ruwa."

Ukasha ya rage ruwan. Sannan ya shiga fargabar ya rage da yawa. Fabrairu ya wuce, Maris ya kama, ƙullin furannin na nan a dunƙule kamar hannun jariri. Kullum sai ya hau hawa shida yana haki, ya tsaya a kansu yana lallashi.

"Malam Ukasha, da su kake magana?" in ji Awadiyya, matar marigayin, wadda ake kira Ummu Safa, tana shanya.

"Haƙuri nake ba su, Ummu Safa. Ni na karya musu kai."

"Ma'alish, ba komai. Shi har zaginsu yake yi."

Saura kwana huɗu Idin Uwa, da safe, ya turo ƙofar rufin ya tarar da ja daga wannan bango zuwa wancan. Ya nemi bokiti ya kife, ya zauna.

Ubaida ya hau da hantsi, ya murza kara ɗaya tsakanin yatsunsa.

"Tamam, sun yi. Duka nake so. Wa ya kula da su?"

"Marigayi," in ji Ukasha. "Ni ɗan aike ne."

Aka yanka, aka ɗaure, aka sauke. Awadiyya ta zare guda ɗaya mai karkataccen wuya, wanda ba zai sayu ba, ta sa a kofin shayi ta ajiye a kan kujerar robar. Ukasha ya leƙa kofin, ya ɗan zubar da ruwan.