Barau Yana Jiran Labari

Rabo ya sake hawa dutsen bakin rafi, karo na uku ke nan tun safe. Ruwa bai ja ba. Sandan da ya kafa jiya don shaida ma ruwan ya tafi da shi. Ya daɗe yana kallon hanyar da ta nufi Daudawa, ya sauko, ya koma ya hau, sannan ya kama hanyar gida.

Bai shiga ɗakinsa ba. Ya ratsa ta kafar dangar da ta raba shi da maƙwabcinsa Barau, ya yi sallama.

"Shigo, Malam Rabo," in ji Barau daga cikin ɗaki. "Na ji tahiyarka. Ba kowa ko?"

"Ba kowa. Ruwa ya hana."

"To, zauna ka huta. Kai ka fi ni shan wahala."

Rabo bai zauna ba. Yau kwana shida ke nan da aka fita da Baraka, 'yar Barau. Ta zo gida goyon ciki ne, cikinta na fari, mijinta yana aikin layin dogo can wajen Gusau. Naƙuda ta riƙe ta kwana biyu abu ya ƙi, har ta daina kuka. Maza huɗu suka ɗauke ta bisa gadon kara zuwa bakin hanya, motar gonar auduga ta Daudawa ta tafi da ita da uwarta Alheri asibitin mishan, can gaba da Funtuwa. Washegari ruwan sama ya ɓalle, rafi ya cika, Unguwar Gide ta yanke da duniya.

Barau bai iya bin su ba. Tun bazara cikinsa ke kumbura, ƙafafu suka biyo baya, malamin asibiti ya duba ya ce hanta ce. Ranar tafiya Alheri ta tsaya a bakin danga, ɗankwali a hannu, ta ce wa Rabo, "Ga amana nan, Malam." Iyakar abin da ta samu faɗi ke nan.

Shekara goma sha biyu suna maƙwabtaka. Barau Bamaguje ne daga wajen Kankara. Kuturta ta kama shi yana magidanci, ya yi shekara bakwai a wajen 'yan mishan ana yi masa magani, Alheri tana jiransa da 'yar goye. Ya dawo ya warke, amma yatsun hannayensa sun guntule, kuma ya dawo da karatun boko da addinin Almasihu. Danginsa suka ce ba su san wannan ba. Mahaifin Rabo ne ya yanka masa fili a gefen gari. Gidan Barau kaɗai ne na Kirista a unguwar, kuma an yi shekara biyu kafin wani ya yarda ya sa hannu a akushinsa. Rabo ne ya fara, shi ma don kunya ce ta kama shi ranar wani gayya.

"In ba za ka zauna ba, miƙo mani littahin can," in ji Barau.

Rabo ya ɗauko littafin addinin Barau daga cikin tukunyar da ake ɓoye shi saboda gara. Da can Alheri ce ke buɗe masa, don guntayen yatsunsa ba sa kama takarda. Yanzu aikin ya faɗo kan Rabo, wanda bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Ranar farko ya yi ta istigifari a zuci. Yanzu kuwa yakan lashi yatsa ya yi ta buɗewa, Barau yana cewa, "Gaba. Gaba. Ka wuce, koma baya. Yauwa, nan." Sai ya yi ta motsa baki a hankali, littafin a jingine bisa tudun cikinsa, Rabo yana riƙe da gefe, idonsa yana ƙofa.

"Kai ba ka damu ba ne?" Rabo ya tambaye shi da ya rufe littafin. "Ni tuwo ma ba ya wuce mani."

"Wa ya ce maka ban damu ba?"

"Na ga kullum kana cikin karatu da waƙa."

Barau ya yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Waƙar ce ke riƙe ni, Malam. In na bari, kuka za ka ji."

Asma'u matar Rabo ta miƙo kunu ta saman danga. Barau ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Rabo ya ɗauki fartanya ya tafi gona, ya yi kunya uku, ya tsaya yana sauraro. Ya ji kamar ƙugin mota. Ya yar da fartanyar ya sheƙa bakin rafi, ashe hadari ne ke haɗuwa a gabas.

Haka kwana na bakwai ya wuce. A na takwas, da hantsi, ya shiga ya tarar Barau ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa. Rabo ya tsaya a ƙofa, ya rasa ko ya shiga ko ya koma.

"'Ya'ya huɗu na rufe," in ji Barau, bai juyo ba. "Maza uku, mace guda. Biyu ƙyanda ta ɗauke su cikin mako ɗaya. Wannan kaɗai ta rage mani. Yau da safe na yi faɗa da Ubangijina, Malam Rabo. Na ce mashi, ka karɓi yatsu ban ce komi ba, ka karɓi dangi ban ce komi ba, ga ni nan ni ma ina hanya. Wannan yarinya mi za ka yi da ita?"

"Subhanallahi. Ana faɗa da Allah?"

"Ɗa yana faɗa da ubanshi. Ba ya barin gidan dai."

Rabo ya tsuguna. "To, mi ya ce maka?"

"Bai ce komi ba tukuna." Barau ya juyo, ya share fuska da bayan hannu. "Amma shekara bakwai ɗin can ma shiru ya yi mani, kuma yana nan. Yesu ya san ciwo, a jikinshi ya ɗauka. Ba zan ce maka ɗiyata za ta tashi ba, ban sani ba. Abin da na sani, ko ta tashi ko ba ta tashi ba, ba ta faɗi daga hannunshi ba."

Rabo ya kalli idanunsa, sun yi ruwan ɗorawa sun faɗa ciki. Ya taɓa ganin irin wannan ido a fuskar mahaifinsa, saura kwana uku ya rasu. Ya fita, ya sami Asma'u tana daka.

"Gobe zan ƙetare."

Ta dakata da taɓarya. "Ruwan nan ya ci jaki shekaranjiya, Malam."

"Na sani. Ki riƙa leƙa shi. Ki kira Audi ƙanena ya juya shi in ya gaji da kwanciya."

Da gari ya waye ya tarar da wani Bafillace a bakin rafi zai tura shanunsa. Rabo ya naɗe rigarsa ya ɗaura a ka, ya roƙi mutumin, ya kama wutsiyar wani babban bijimi da hannu biyu. Ruwan ya kai masa wuya, ƙafarsa ta bar ƙasa, ya sha ya ƙware, amma bai saki ba. Suka fita can ƙasa da mashigi, cikin ƙaya. Ya zauna ya yi amai, ya tashi ya kama hanya.

Kafin azahar yana Daudawa. Ya sami Mani, direban da ya kai su Baraka asibiti, a ƙarƙashin motarsa, sai ƙafafu a waje.

"Kai ne na Unguwar Gide?" in ji Mani, yana fitowa yana goge hannu. "Kwana uku ina neman wanda zai kai saƙon nan. Na koma can ran Talata, na ga tsohuwar a ƙofar asibiti."

"Yarinyar fa?"

"An yanka ta an ciro ɗiya mace. Jinjirar tana da rai, da kaina na ji kukanta. Uwar ce dai. Zazzaɓi ya kama ta, ba ta san wanda ke kanta ba. Likita ya ce shi ma bai sani ba, sai abin da Allah ya yi. Tsohuwar ta ce a faɗa ma mai gidanta ya riƙe addu'a."

"Tun Talata? Yau fa Juma'a."

"Abin da na sani ke nan. Ba zan koma ba sai hanya ta sha iska."

Rabo ya juyo. Duk tsawon hanya yana saƙawa yana kwancewa. Mutum yana bakin kabari, me zai rage idan aka ce masa duka biyun lafiya? Ya shirya maganar, ya maimaita ta a fili har sau uku don ta zauna a bakinsa. Ruwa ya ɗan ja, ya ƙetare da ƙafarsa, ya isa gida bayan la'asar, jiƙe sharkaf.

Barau yana jingine da bango, Audi ya tokare shi da buhun ƙaiƙayi. Numfashinsa ya gajarce.

"An sauka," in ji Rabo tun daga ƙofa. "Mace. Kana da jika."

Barau ya lumshe ido. "Na gode ma Allah." Ya buɗe, ya tsaya kallon Rabo. "Uwar fa?"

Rabo ya buɗe baki. Maganar da ya shirya ta ƙi fita.

"Shekara goma sha biyu ba ka taɓa yi mani ƙarya ba, Malam. Kada ka fara yau don ka ga na kusa."

Sai Rabo ya zauna a ƙasa ya faɗa masa duka, yadda Mani ya faɗa, har da cewa labarin na Talata ne. Barau ya saurara, yana gyaɗa kai.

"To, tana da rai ran Talata," ya ce. "Wannan ma abu ne." Ya ɗaga guntayen hannayensa ya haɗa su a ƙirji. "Uba, ga Baraka, ga 'yar da ban san sunanta ba, ga Alheri ita kaɗai a baƙon wuri. Ni ba zan iya zuwa ba. Kai ka je." Ya huta. "Ga maƙwabcina kuma, da ya shiga ruwa domina. Ka tuna mashi."

Rabo ya ji bakinsa ya ce amin kafin ya yi shawara.

"Saura magana ɗaya," in ji Barau. "In abin ya zo kafin su dawo, kada ka wahalar da kanka neman mutanenmu, suna nesa. Gindin ɗorawar gonata ya isa."

"Bari wannan magana."

"Na bari. Amma ka ji ta."

Ya kwana biyu bayan haka. Rabo ya ci gaba da zirga-zirga tsakanin ɗakin da bakin rafi, ko wani zai ɓullo. Ranar Lahadi da hantsi Barau ya ce a fitar da shi tsakar gida, yau ranar sujada ce. Rabo da Audi suka shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu. Ya fara wata waƙa tasu, murya can ƙasa, ya kai tsakiya ya tsaya. Rabo ya jira ya ci gaba. Kaji suna tono a gefen tabarmar. Da jiran ya yi tsawo, Rabo ya sunkuya ya duba, sannan ya shafe masa ido.

Ya tafi wurin liman kai tsaye, yana tafe yana tunanin abin da za a ce. Liman ya saurare shi, ya ce, "Salla dai ba za mu yi mashi ba, ba tafarkinshi ba ce, shi ma ba zai so ba. Amma maƙwabci ne. A ɗauko magirbi, a haƙa mashi kabari."

Mutum tara suka fito. Ƙasa ta jiƙu, haƙa ba ta yi wuya ba. Asma'u ta ba da sabon farin zanen da ta ajiye. Da aka gama rufewa aka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya san abin da ake faɗi a irin wannan wuri. Rabo ya gyara murya ya ce, "Mutumin kirki ne. Bai taɓa cin iyakar kowa ba." Aka ce haka ne, aka watse.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, Rabo yana gyaran danga, ya hangi mutane tafe daga rafi. Alheri ce a gaba da goyo. Ya saki igiya ya miƙe, yana leƙen bayanta. Jaki ne, wani mutum yana ja, bisa jakin kuma wata ramammiyar mace lulluɓe da mayafi, ta riƙe ciki da hannu ɗaya. Sai da suka matso ya gane Baraka.

Alheri ta dubi ƙofar gidanta a rufe da asabari, ta dubi Rabo. Ta gane.

"Yaushe?" ta ce.

"Ran Lahadi waccan. Da rana, a tsakar gida. Yana waƙa."

"Ya ji labari?"

"Ya ji an sauka. Ya ji tana da rai ran Talata. Iyakar abin da na samo mashi ke nan."

Ta gyaɗa kai. Ba ta shiga gida ba, ta ce a kai su. Rabo ya wuce gaba, suka ratsa cikin dawa har gindin ɗorawa. Ciyawa ta riga ta fara tsirowa a kan tudun. Aka sauko da Baraka, ta kasa tsayuwa, ta zauna a kan saiwar itacen. Alheri ta durƙusa ta dafa ƙasar da tafin hannu.

"Mai gida, ga mu mun dawo," ta ce. "Mu uku."

Jinjirar ta motsa ta fara kuka. Alheri ta kwance goyon ta miƙa wa uwar. Rabo ya juya baya ya ba su wuri, ya tsaya yana kallon dawa. Can kukan ya tsaya, sai ƙarar tsotso da iska a cikin ganye.